Akuyar Shugaban Kwamiti

A bayan azuzuwan makarantar firamare ta ƙauyenmu akwai wani lambu da malamai da matan gari suka haɗa hannu suka kafa. Matan nan su ne masu zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, in an tashi sai su ɗebi ruwa a famfon makaranta su yi ban-ruwa. Abin da aka samu na alayyafo da yakuwa, rabi ya shiga tukunyar abincin ɗalibai, rabi su kai gida. To, al'adarmu ita ce da zarar an kawar da amfanin gona, kowa sai ya saki dabbobinsa su yi ta yawo har faɗuwar damina. Saboda haka aka kira taro, aka amince cewa gidajen da ke maƙwabtaka da makaranta za su ci gaba da ɗaure nasu, kuma duk dabbar da aka kama a lambun za a ɗaure ta a ƙofar ofis. Alhaji Nomau, shugaban kwamitin iyaye, shi ya jagoranci taron, shi ya rufe shi da addu'a. Kowa ya ɗaure, ban da shi.

Kafin a yi wata guda, jar akuyarsa ta gama da fangali uku na alayyafo. Matan suka aiko cewa in ta ƙara shiga, su da ban-ruwa har abada. Shugabar makaranta, Malama Asabe, ta sa aka kama akuyar aka ɗaure ta a ƙofar ofis. Ba a jima ba sai ga Alhaji yana tafe yana saɓa babbar riga.

"Malama, wa ya ɗaure mini dabba a bainar jama'a kamar an kama ɓarawo?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Hukuncin da ka yanke da bakinka na zartar."

"Haba Malama! Ai don a tsorata mutane aka faɗi wannan. A kan ganye za ki tozarta ni, ni da nake shugabanku? Faɗa mini tsakaninki da Allah, a garin nan wane gida ne ya fi gidana riƙo da makarantar nan?"

Malama Asabe ta rufe rajistar da ke gabanta, ta ce, "Wannan kam sai dai mu gode wa akuyar, Alhaji. 'Ya'yanka shida ne a rubuce a nan, amma duk gidanka ita kaɗai ce ba ta taɓa fashin makaranta ba."