Alhaji Shu'aibu da Yaƙin Takunkumi

Ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku!

Ta ƙaraso, kunnuwanmu a buɗe suke.

"Ni zan cire wa yaran Nassarawa takunkumi! Ranar Asabar ɗin nan zan haƙa masa rami a tsakiyar makarantar su Ummi, in binne shi, in taka wurin da ƙafata. In ban yi ba ku canza mini suna!"

Mai wannan magana shi ne Alhaji Shu'aibu dillalin filaye, wanda abokai ke kira Lasifika idan ya ba da baya. Bai daɗe da tasowa daga Kawaji ya tare a Nassarawa GRA ba, amma in ka ji yana ba da labarin unguwar, sai ka rantse shi ya shuka itatuwanta. A shekarun korona ne, an buɗe makarantu bayan dogon kulle. Makarantar kuɗin da ya sa 'yarsa Ummi ta kafa doka cewa ba mai shiga aji sai da takunkumi a fuska. Yanzu kuma an kira taron iyaye don a yanke ko a ci gaba da dokar ko a janye ta, a kuma zaɓi sabon shugaban ƙungiyar iyaye a zama guda.

Abokina, kada ka ɗauka numfashin yara ne ya dami Alhaji. Kujerar yake so. Ya riga ya gama lissafi a ransa: daga shugaban iyaye sai kansila, daga kansila sai majalisa. Har ya fara gwada yadda zai riƙa ɗaga wa jama'a hannu daga cikin mota.

Abokinsa Ɗanjuma ya ce, "To Lasi... Alhaji, ka san iyayen yaran kuwa? Ai su ne masu ƙuri'a."

"Ni? Akwai babban mutum a garin nan da ban sani ba? Ko a duhu na ga tafiyar mai kuɗi, na gane shi."

Washegari da safe ya nufi makaranta fuska a buɗe, zai je ya ja wa shugabar makaranta kunne. Garba maigadi ya tare ƙofa da na'urar auna zafin jiki, ya saita masa ita a goshi kamar ɗan fashi.

"Alhaji, takunkumi."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Baban Ummi ne. Amma dokar shugaba Madam Loretta ce. Ko mijinta ne ya zo, sai ya rufe hanci."

"To ba zan shiga ba! Daga nan waje zan kayar da ku."

Sai ya kafa sansani a bakin ƙofa. Kowace safiya yana tsaye da ƙullin goro da ledar dabino. Manyan motoci na tsayawa, wasu mutane na fitowa cikin shadda mai maiƙo, fuskokinsu a rufe, suna sauke yara. Alhaji ya riƙa tarar su da gudu har babbar rigarsa na kama iska.

"Ranka ya daɗe, Alhaji! Allah ya ƙara arziki! Shu'aibu ne, ɗan takararku. Ranar Asabar a tuna da ni."

Mutanen suka riƙa kallon juna ta saman takunkumi. Wani dogo mai suna Sule ya karɓi goro, ya ƙara da dabino cikin hannu biyu, ya ce, "Ai ƙuri'ata da ta iyalina da ta maƙwabtana duk naka ne, Alhaji. Gobe ma za a zo da dabinon?"

"Har da tsire!"

Garba ya matso ya ce, "Alhaji, da ka ji wata magana..."

"Kai, tsaya a ƙofarka! Manya na tattaunawa."

Garba ya koma kan bencinsa, ya gyara takunkumi don kada a ga haƙoransa.

Ranar Asabar Alhaji ya shiga babbar riga wadda ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ba tare da shi ba. Matarsa Uwani ta biyo shi tana cewa, "Alhaji, akwai abin da nake so ka sani kafin mu je." Ya ce mata a ajiye maganar gida sai an rantsar da shi.

Suna isa ya hango alhazansa gaba ɗaya a gindin darbejiya. Takunkumi a haɓa, riguna a naɗe, wannan na goge gilashin mota, wancan na duba mai. Sule na kishingiɗe a kan tabarma yana sakace.

"Ranka ya daɗe, me kuke yi a nan? Ai an kusa farawa!"

Sule ya ce, "Mu ai direbobi ne, Alhaji. Hajiyoyi muka kawo."

"Direbobi? To shaddar fa?"

"Kwancen maigida ce."

"Ƙuri'un fa? Tsiren da kuka ci fa?"

"Wallahi muna tare da kai ɗari bisa ɗari, amma daga nan waje. Shiga kawai, za mu bi ka da addu'a."

Da wani ne, da sai ya juya gida. Alhaji kuwa ya ce a ransa ai bakinsa kaɗai ya isa ya ci zaɓe. Ya ɗaura takunkumi don ya wuce Garba, yana shiga zauren taro ya fizge shi ya cusa a aljihu.

Zauren cike yake da mata. Alhazan GRA na can Abuja da Legas da kasuwa, sun turo matansu da iyayensu. Maza 'yan kaɗan ne a gefe guda, an ware kujeru nesa da juna, kowa fuska a rufe.

Madam Loretta, 'yar Zariya mai sanyin magana, ta buɗe taro. "Iyayena, sannunku da zuwa. Ni ban zo da hukunci ba, ku za ku yanke. Bari mu fara jin malamin ƙananan aji."

Malam Oliver ya miƙe ya ce, "Gaskiya a wajen 'yan ƙananan nan abin ya zama wasa. Yaro zai zo da shuɗin takunkumi, ya koma gida da mai hoton kyanwa, sun yi musaya a lokacin tara. Wani ya tsotse nasa, wani ya face hanci da na maƙwabcinsa. In na tambayi yaro biyu da biyu, sai in ji kamar daga cikin rijiya yake ba ni amsa."

Mata suka fashe da dariya, kawuna suka fara gyaɗawa. Wallahi da Alhaji ya kama bakinsa a daidai nan, da iskar ta kaɗa ta wajensa. Amma ina! Ya ga ana yi wa wani dariya ba shi ba. Ya yi tsalle ya karɓe makirfo.

"Jama'a, a bar kwana-kwana! Korona ciwon masu hawa jirgi ne. Zafin Kano kaɗai ya soya ta tun a filin jirgi. Takunkumi na jaki ne da ke cin hatsin mutane. Ku dube ni nan, ban taɓa ko atishawa ba! A cire shi yau, daga ƙaramin aji har babba, ku ba ni kujera ku ga aiki!"

Sai wata tsohuwa a layin gaba ta ɗaga hannu. Hijabi har ƙasa, tabarau mai kauri, takunkumi har gindin ido.

Matso kusa in raɗa maka, abokina. Wannan tsohuwa Hajiya Mairo ce, wadda kowa ke kira Gwaggo, mahaifiyar Uwani, wato surukar Alhaji. A Hotoro take zaune da jikokinta na wajen ɗanta da ke aiki a Abuja, su ma a makarantar suke. Zancen da Uwani ta so faɗa ke nan aka ce ta jira rantsarwa. Ka kuma san yadda ake tsakanin mutum da surukarsa. Tun da Alhaji ya auri Uwani bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskar Gwaggo ba. In ya je gaisuwa, takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye, murya kamar ta mai jinya. Ya san yatsun ƙafarta fiye da hancinta.

Gwaggo ta ce, muryarta na fitowa a dakushe ta cikin ƙyalle, "Ni dai tsohuwa ce. Jikokina a ɗakina suke kwana, abin da suka shaƙo a aji ni suke kawo wa. Sa'o'ina da aka binne a garin nan bara ba su ƙirguwa. A sauƙaƙa wa ƙananan, tunda tsotsewa suke yi. A kashe na'urar sanyin nan a buɗe tagogi. Manyan kuwa su ƙara haƙuri har abin ya lafa."

Alhaji ya ga kujerarsa na zamewa. Ya gyara hula.

"Allah sarki, Hajiya Takunkumi! Iya, wannan taron masu ilimi ne. Da kin zauna a gida kin ja carbi, da ya fi miki lada."

Can baya Uwani ta miƙe tana kaɗa hannu biyu kamar mai korar kaji. Alhaji ya hango ta, ya ji daɗi, ya ce a ransa ga mace mai ƙarfafa wa mijinta gwiwa. Ya ƙara murya.

"Irin waɗannan tsofaffin su ke hana ƙasa ci gaba! Ko sauro ya yi tari sai su shige ƙarƙashin gado. Ni tausayin surukinta ma nake ji, ko wane ne shi. Bawan Allah yana shan fama!"

Madam Loretta ta ce, "Alhaji, don Allah a yi a hankali."

"Babu a hankali, Madam! In tana da gaskiya ta buɗe fuska mu san da wa muke magana. Buɗe, Iya! Buɗe mu gani!"

Gwaggo ta sa yatsa ta zare igiyar daga kunne ɗaya, ta zare daga ɗayan, ta ninke takunkumin a cinyarta. Alhaji ya ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"To, mun gani. Sai me?"

Uwani ta zauna daɓas, ta ja mayafi ta rufe kai.

Gwaggo ta ce, yanzu murya tar, "Baban Ummi, ashe haka muryarka take? Ban taɓa jin ta ba sai yau. Ma sha Allah, akwai ƙarfi."

A hankali idon Alhaji ya sauka ƙasa, inda ya saba sauka. Ga yatsun nan da lalle, ga babban yatsan nan mai ɗan karkata. Ya gane su sarai.

Kafin ka ce me, takalma sun fita daga ƙafarsa, sitacin riga ya yi ƙara, Alhaji na durƙushe a kan siminti. Sai dai ya manta makirfo na hannunsa, don haka duk zauren, har direbobin da ke gindin darbejiya, suka ji wata siririyar murya na fita ta lasifika:

"Ina kwana, Gwaggo. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya... ya yaran?"

"Lafiya lau, Baban Ummi. Ya fama? Na ji an ce kana shan ta."

Ranar nan takunkumi ya yi wa matan Nassarawa rana, don ba a ga bakin kowa ba, kafaɗu kawai ake gani suna rawa. Malam Oliver ya fita waje wai zai sha ruwa.

Madam Loretta ta share ido ta ce, "To, masu goyon bayan shawarar Hajiya, a sauƙaƙa wa ƙanana, a buɗe tagogi, manya su ci gaba da sawa?"

Hannaye suka tashi. Daga ƙasa, kusa da ƙafar Gwaggo, wani hannu mai faɗin hannun riga ya tashi shi ma.

"Saura shugabanci. Ɗan takara ɗaya muke da shi, Alhaji Shu'aibu. Ko akwai wani?"

Wata hajiya daga Badawa ta ce, "Akwai. Mun tsayar da Gwaggo."

Gwaggo ta ce ita ina ita ina shugabanci da ciwon gwiwa, amma mata suka ce ko a zaune ne ta riƙe musu. Kafin Alhaji ya ce ya janye, Madam Loretta ta jefo tambaya.

"Masu son Hajiya Mairo?"

Zaure duka ya ɗaga. To kai a ganinka mutum zai zauna a gaban surukarsa, hannunsa a ƙasa, ana zaɓenta? Alhaji ya ɗaga hannu biyu, har da makirfo.

"Masu son Alhaji Shu'aibu?"

Uwani ta ƙura wa fanka ido kamar yau ta fara ganin ta. Mazan gefe suka shiga duba wayoyinsu. Can sai hannu ɗaya ya tashi a layin gaba, mai lalle da carbi a naɗe.

Madam Loretta ta ce, "Hajiya, ai ke ce abokiyar takararsa."

Gwaggo ta ce, "Na sani, 'yata. Rubuta masa tawa. Kada a je ana yi wa yarinyar nan gori a unguwa, a ce mijinta ya tsaya zaɓe ko shi bai zaɓi kansa ba."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! In kun ji ƙari a ciki, Gizo ne ya sa hannu, ni yadda aka ba ni na ba ku.