Ranar da Na Kai Babur Rigakafi

Ni da bakina na koya wa ɗiyata Ummi, 'yar shekara huɗu, cewa in babba na magana yaro ba ya sa baki. Har taƙama nake da wannan tarbiyya a majalisa.

Ranar da za a yi wa jaririnmu rigakafi a Kankiya, na ɗora Ummi bisa tankin babur, uwarsu na bayana tana gyara goyo. Na ji kamar ta hau, na ja. Tun daga Kusada nake zuba wa maiɗakina lacca kan renon yara, ina murna yau ba gardama. Babur ɗin ma sai da na yaba masa, don tashi kawai yake kamar tsuntsu.

A ƙofar asibiti na ce, "To, sauko." Na waiga, wayam!

"Ummi, ina Mama?"

"Tana ƙofar gida, tana ta ɗaga hannu."

"Me ya hana ki gaya mani?"

"Baba, ai magana kake."

Ikon Allah! Na saki baki ina kallon 'yar mitsitsiyar nan da ta riƙe dokata fiye da ni.

Har yau in na tada babur, sai 'yan kabu-kabu sun ɗaga murya: "Malam, a waiga dai!"