Rasuwar Mai Giga Huɗu

Da zuciya mai nauyi da kunnuwan da suka gaji nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, laftof mai ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga huɗu. A waya nake rubuta wannan, a bakin gado. A falo kuwa, Kawu da Yaya ba su daina musu ba tun da aka dawo da gawar.

"Giga huɗu ya ishi mai rubutu," in ji Kawu, wanda ya saya mini ita da na gama sakandare. "Ku kuka ɗora mata kayan jaki."

"Kawu, da girmanka, ko wayar hannunka ta fi ta numfashi," in ji Yaya.

"Ke ɗinki kika sani."

"Shi ya sa ba na yanka wa ƙato rigar yaro."

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa cewa a'a ba, sai dai ta yi shiru. An kawo ta gidan nan da sunan amfanin yau da kullum, ba a faɗi na mutum nawa ba. Shafin intanet na Mama na ganin likita, kar a rufe. Shafukan Yaya na sababbin ɗinkuna, kar a taɓa. Rediyon Baba. Nawa na neman aiki, a jere kamar haƙoran mataji. Duk ta rungume su lokaci guda, fankarta na cewa fuuuu, cinyata na gasuwa.

Ciwon ya faro da nawar aiki. Ka danna harafi, ka je ka sha ruwa, ka dawo ka tarar yanzu yake isowa. Muka ce tsufa ne.

Ranar Laraba rai ya yi halinsa. Wani kamfanin rarraba magunguna ya kira ni gwajin aiki ta bidiyo. Aikin shigar da bayanan kaya ne daga gida, da kwamfutar kanka. Matar da ke gwada ni ta ce in buɗe fayil ɗin da ta turo, kar in kashe kyamara. Na buɗe. Fuskarta ta daskare, baki a buɗe. Marigayiya ta ce ƙiii sau ɗaya, sikirin ya yi baƙi. Ba ta sake farkawa ba.

Mai gyara ya ce ram ne ya yi mata kaɗan, sai ta riƙa zuba ragowar aiki a ma'ajiyar fayil har ita ma ta cinye. Na ce a canza. Ya ce duka biyun a liƙe suke da dalma a jikin bod, babban allon cikinta. Ya rufe ta a hankali, da hannu biyu.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da maus, da jakar da zif ɗinta ya mutu kafin ita, da ni. Matar kamfanin ta ce za ta sake gwada ni ranar Litinin. In na rasa wannan damar, sai wanda ke bayana a layi.

Kawu ya yi alkawarin magajiya, amma sai an tsayar da magana. Shi yana kan huɗu. Yaya ta ce sha shida ko a bari. Mai gyara ya ce takwas, in dai da gurbin ƙari. Ni ba a tambaye ni ba. Na san su biyun nan, ba za su gama kafin Litinin ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a shagon mai gyara, ƙarƙashin matakalar bene. Za a cire sikirin da batir a ba mabuƙata. Ragowar za a naɗe a tsohon tawul, a sa a kwalinta, a ɗora saman durowa. Zaman makoki a falo, ga wanda ya samu wurin zama tsakanin masu musu. Masu zuwa gaisuwa, mun gode tun yanzu, Allah ya ba da lada.

A cikinku akwai mai giga takwas da zai ara mini ranar Litinin, ko na awa ɗaya ne?