Farfesa da Mala'ikun da Aka Koro Daga Sama

Duk wanda bai san Malam Abdulbasit a Dutsin-Ma ba, to baƙo ne, kuma ya yi asara. Allah Ya yi wa mutumin nan baiwa, shi da kansa ne ma ya fara lura da hakan. Kwas ɗin mako uku ya yi a Kaduna kan kwatanta addinai, ya dawo da tabarau da jakar hannu da suna Farfesa. 'Yan tasha suka ƙara masa da Buldoza, ya karɓa hannu biyu, don a zatonsa yabo ne.

Fanninsa guda ne tak: mala'ikun da Kiristoci ke cewa sun yi wa Ubangiji tawaye aka koro su daga sama. Shekara bakwai yana muhawara a kai, ba a taɓa kayar da shi ba. Dabarar kuwa ba ta da wuya. Sai ya samo wani bawan Allah ɗan kudu, ɗan bautar ƙasa ko mai shagon kayan gyara, wanda Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba. A tara jama'ar da ba su jin Turanci. Tafinta fa? Wa ya isa in ba Farfesa ba! Mutum ya yi bayanin minti goma yana gumi, Malam ya juyo ya ce, "Jama'a, ya ce ba shi da amsa." Sai wuri ya kaure da tafi.

Ana nan sai dattawan Kurfi suka kafa kwamitin zaman tare tsakanin Musulmi da Kirista, suna neman shugaba mai sanin ɓangarorin biyu. Malam ya ƙwallafa rai a kujerar nan, har ya sa an buga masa kati da muƙamin tun ba a ba shi ba. Alhaji Sabi'u, babban dattawan, ya aiko cewa ya zo ranar kasuwa su ji shi tare da wani fasto, daga nan su yanke hukunci.

A tasha ya tarar da wani tsoho mai hula da koɗaɗɗiyar riga zaune a gaban mota. "Baba, koma baya," in ji Malam, "ilimi ba ya zama kusa da buhun gero." Tsohon ya sauka ba musu, ya matsu tsakanin mata biyu da kwandon kaji.

Ba su fita gari ba Farfesa ya buɗe karatu, yana waiwayowa. Ya ce mala'ikun nan su dubu bakwai da ɗari bakwai ne cif, shi ya ƙididdige. Ya ce a wajen Kiristoci nauyin fukafukai ne ya rinjaye su. Tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "Allah gafarta Malam, a littafinsu ka gani?"

"Littafinsu? Ni ban taɓa buɗe shi ba, ba na bukata. Kai dai Baba ka zo ka sha kallo. Faston nan ba zai ji Hausa ba, mutanenka ba su jin Turanci. Abin da na ce ya ce, shi ya ce."

"Ikon Allah," in ji tsohon.

A Kurfi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Sabi'u, wuri ya cika. Malam ya gyara tabarau yana ta baza ido, yana neman mai kwat da wando. Sai ga Alhaji ya miƙe da fara'a ya kama hannun tsohon nan na mota. "Malam, ga Fasto Almu. Ɗan nan ƙasar ne, gonarsa na maƙwabtaka da tawa, tare muka yi kiwo muna yara."

Wayyo! Ko a mafarki Farfesa bai taɓa kawo cewa Kirista zai iya zama Almu ba, da hula, da Hausar da ta fi tasa.

Fasto Almu bai tona masa asiri ba, wannan kuma ya fi duka ciwo. Ya zauna ya yi bayani a tsanake. Ya ce ya san a wajen 'yan'uwa Musulmi mala'ika ba ya saɓo, Iblis kuma aljani ne. Amma su a nasu imanin, Allah Ya halicci mala'iku duka nagari, Ya ba su zaɓi. Wani babba a cikinsu ya dubi kyansa da matsayinsa ya ga ya wuce a umarce shi, wasu suka bi shi, Mika'ilu da rundunarsa suka kore su. Su ne Shaiɗan da mabiyansa. "Ba a halicce su mugaye ba," in ji shi, "girman kai ne kawai." Bai ko kalli inda Malam yake ba. Matan nan biyu na mota, da suka tsaya a bakin zaure, su ne suka kalla.

Farfesa ya miƙe ya saki Turanci da ƙarfi, irin wanda ya saba firgita jama'a da shi. Alhaji Sabi'u ya ɗaga hannu. "Malam, huta da wahala. Yau kowa na jin kowa. Faɗa mana da Hausa abin da ka sani game da mala'ikun nan."

Malam ya buɗe jaka, ya rufe. Ya cire tabarau ya goge.

"Wato... sun faɗo."

"Daga ina?" in ji Alhaji.

"Daga sama."

Aka jira sauran, babu saura. Fasto Almu ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Wannan kam gaskiya ne, Malam."

A shekara bakwai na muhawara, ita ce maganarsa ta farko da abokin karawa ya gaskata da bakinsa. Dattawa suka yi masa godiya ƙwarai, suka ce ya gaida mutanen Dutsin-Ma.