Ranar da Fayawol Ta Firgita

Idan ana lissafin masana kwamfuta, a fara da Injiniya Na-Riga-Na-Sani, sauran su bi layi. Allah ya yi wa kamfanin rarraba magunguna gata da ya ba su shi. Kafin ka buɗe baki ya gano matsalarka, kafin ka rufe ya ƙara maka wata. Takardun shaida bakwai ne a bangon ofishinsa, biyar na halartar taro ne. Makullin ɗakin na'urori kuwa a wuya yake rataye shi kamar lambar yabo, alhali ƙofar ta daina kulluwa tun bara.

A ɗakin nan, kusa da bokitin da ke tarar ɗigar na'urar sanyi, akwai wata baƙar kwamfuta da ake kira fayawol. Ita ce mai gadin ƙofar intanet, duk odar asibitoci ta wurinta take shigowa. Shekara shida tana aikinta lafiya, don ba wanda ya taɓa taimaka mata.

Ranar Litinin da hantsi saƙon sabunta manhaja ya fito. Mataimakiyar Injiniya, wadda ta riga shi zuwa sashen da shekara goma, kowa na ce mata Yaya, ta ce, "Ranka ya daɗe, a karanta bayanin da ya zo da shi tukuna, a kuma bari a tashi aiki."

"Yaya, wanda bai sani ba shi ke karanta bayani," in ji shi. Ya danna.

Na'ura ta mutu, ta tashi, ta zubo fararen rubutu a baƙin allo, ta sandare. Kanel, wato zuciyar manhajar, ta firgita. Ya kashe ya kunna, ta sake firgita. Sau tara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma Injiniya ya ɗauka sarƙar zinariya ce.

Ya canza wayoyi uku masu lafiya. Ya tuhumi wutar lantarki. Ya tuhumi mai shara da tsintsiyarta. Laifi tudu ne. A waje motoci huɗu na tsaye babu takardar lodi, wani asibiti kuma ya bugo karo na shida yana neman maganin masu ciwon suga.

Da Manaja ya shigo yana haki, Injiniya ya gyara wuyan riga.

"Yallaɓai, hari ne! Ƙwararrun masu kutse daga ƙetare. Irin waɗannan ba sa ɓata lokacinsu a kan ƙananan mutane. Sun ji labarina ne. Ku gode wa Allah ina nan, da wani ne da tuni kun koma biro da takarda."

Yana cikin jawabi Yaya ta sa tabarau, ta karanta layukan ƙarshe na allon, waɗanda shi bai ga sun kai matsayin ya duba su ba. Sunan direban katin sadarwa ne ɓaro-ɓaro, wato 'yar manhajar da ke sarrafa katin. Ta buɗe bayanin nan, layi na uku ya ce sabon kanel ba ya jituwa da tsohon kati. Ta sake kunnawa, ta zaɓi tsohon kanel. Fitilu suka koma kore, odoji suka fara kwararowa, direbobi suka tayar da motoci.

"Kun gani?" Injiniya ya buga ƙirji. "Sun ji muryata sun arce! Amma ƙaramin yaro ma ya san ɓarawo ba ya shiga sai da ɗan gari. Akwai munafuki a gidan nan. A binciko wanda ya taɓa na'urar nan yau, a manna sunansa a allon sanarwa, a raba shi da ɗakin nan har abada. Ba sani, ba sabo!"

Manaja ya dubi Yaya. Ta buɗe rajistar da na'ura ke rubuta duk wanda ya shige ta, ta juyo masa allon. Layi ɗaya ne tal: suna ɗaya, na Injiniya, ƙarfe goma da minti huɗu.

Manaja ya karanta, ya sake karantawa, ya jinjina kai.

"Injiniya," ya ce, "shekara biyar kana ba ni shawara. Wannan kam zan ɗauka."