A Ƙara wa Gadar Garinmu Baka Kafin Iyalina Su Gan Ta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Gadojin Karkara, wanda ba ya tsallake ruwa sai a jirgin sama,

Bayan gaisuwa irin ta wanda aka sallama daga aiki, mai tsawo tunda ba inda za shi, ranka ya daɗe, ni ne Taufiƙ Alim, tsohon masinja, mazaunin unguwar Birkitiri a Yawunde. Kukana a kan gadar ƙauyenmu ne, Wuro Njidda.

Na ɗaya. Ofishinku ya buga hotonta a kalanda da sunan kayan tarihi, mai shayin layinmu kuma ya rataye. Wa kuka shawarta? Shekara da shekaru ina ba teburin shayin nan labarin gadarmu mai baka bakwai, wato ƙofofin ruwa bakwai a ƙarƙashinta, wadda tireloli ke gilmawa a kanta biyu-biyu. Sai ga baka guda tak na siminti, da jaki ɗaya ya cika ta. Jakin ma sai da kuka zaɓo ƙato?

Na biyu. Kun rubuta sunan Baturen da ya zana ta. Madalla. Mahaifina Alim, da ya yi dakon tsakuwarta a ka har gashinsa ya ƙare, wannan kuka bar mini in faɗa. Shi ya ce ranar da aka zare katakon da ya tallafi bakan, ba wanda ya yarda ya taka sai da Baturen ya tsaya a ƙarƙashi aka kora shanu ta sama. Wannan gaskiya ne, amma yanzu wa zai yarda da ni?

Na uku, kuma shi ke hana ni barci. An rage albashi, aka sake ragewa, sannan aka rage ni. Ƙarshen wata zan kwashe iyali mu koma gida. Matata Kaltuma haihuwar Ekudu ce a nan Yawunde, ba ta taɓa zuwa ƙauyen ba. 'Yata Zaitun ta zana gadar a makaranta da bakunanta bakwai, har aka tafa mata. Tsoron fuskar yarinyar nan nake ji, wallahi.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a ƙara baka shida kafin ranar. Na san rafin bai kai faɗin haka ba. Ana iya faɗaɗa shi.

Idan kuma aljihun hukuma bai ba da hali ba, to don Allah kada ku gyara ta, kada ku aiko kwamiti. Damina nawa ta wuce ba ta tsage ba, don ba ku san da ita ba. A duk abin da na sani, ita kaɗai ce ba a rage wa komai ba. Ta ɗauke ni ranar da na fita ina cika baki, za ta ɗauke ni in na dawo da katifa a ka, ba za ta tambaye ni komai ba. Zaitun ce za ta tambaya.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Taufiƙ Alim,
Ɗan mai dakon tsakuwa.