Rasuwar Gwaggo Bayan Wankan Farfesa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ɗalibar digirin digirgir ta ɗakin gwajin magunguna, wadda aka fi sani da 'Yar Gwaggo, take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kolom ɗinta, Gwaggo. Ta cika da hantsi, tana ɗaure a jikin na'ura, a bakin aikinta.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, 'yar bututun ƙarfe ce da ba ta fi biro tsawo ba, cikinta maƙil da wani gari mai maiƙo. Sana'arta tantance magani mai son maiƙo da mai son ruwa. In aka turo mata mai son ruwa, ko kujera ba ta ba shi, nan take zai fice. Mai son maiƙo kuwa ya ga wurin zama, sai ta riƙe shi da hira har ya manta hanya. Da tsawon wannan zaman ake gane ko magani zai iya ratsa jikin mutum. Gwaggo ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ko da gaskiyar za ta ɓata wa mai bincike rubutunsa.

Mai haƙuri ce, ba ta da surutu. Famfon na'ura ya matsa mata tun safe har yamma, abin da za ka ji daga gare ta kawai shi ne "ɗis… ɗis… ɗis" cikin kwalbar shara. Wayyo, wannan ɗis ɗin! 'Yar Gwaggo ta fi gane shi a kan muryar mijinta.

Jinyar gajera ce. An auna duk magungunan kundin bincike, saura na ƙarshe, wanda don shi aka rubuta kundin gaba ɗaya. Ana shirin turo shi aka kira 'Yar Gwaggo daga makaranta, wai ɗanta ya tura wake a hanci. Ta fita da gudu, ta bar Gwaggo da ruwan gishirin gwaji a ciki. Can sai ga Farfesa, shugaban ɗakin, wanda rabonsa da taɓa na'ura tun tana zana sakamako da tawada. Ya ga baiwar Allah ita kaɗai, tausayi ya kama shi, ya naɗe hannun riga zai yi mata wanka.

To, kowa a ɗakin ya san ƙa'ida: ruwa zalla tukuna ya kwashe gishirin, sannan metanol, wani sinadarin wanki da ba ya jituwa da gishiri. Farfesa da bakinsa yake koyar da haka, har yana buga tebur. Ranar dai metanol tsagwaronsa ya ɗura mata. Gishiri ya ƙame a cikinta kamar siminti, matsi ya hau, na'ura ta ƙwalla "pii! pii! pii!", ɗis ɗin ya ɗauke. An juya ta ta baya, an ba ta ruwan ɗumi, an lallashe ta da sunanta. Ina! Rai ya yi halinsa.

'Yar Gwaggo tana son jama'a su sani cewa ba ta zargin kowa. Ajali ne, in ya zo ko babu Farfesa sai an tafi. Ta maimaita wannan da babbar murya, kasancewar Farfesa ne zai sa hannu a kundinta. Kukan da aka ji tana yi a bayan firij kuma, ta ce warin metanol ne.

Marigayiyar ta bar mijinta famfo, wanda har yanzu yake bugawa bai san abin da ya faru ba, da allura, da kwalabe birjik. Ta bar ɗan guntun kolom mai gadi, wanda aka ɗaura a gabanta don ya mutu a madadinta, ga shi nan garau, ko kunya babu. Ta kuma bar ƙanwarta sabuwa fil cikin kwali. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kowace da irin riƙon baƙinta, don haka duk abin da aka auna da Gwaggo sai an sake shi daga farko. Mai jarrabawa daga waje kuwa yana tafe ƙarshen wata, kuma an ce mutumin ba ya karɓar gaisuwar mutuwa a madadin sakamako.

Za a toshe bakin marigayiyar biyu da murafenta, a naɗe ta a takardar goge hannu, a kwantar da ita gobe da safe a durowar ƙasa, kusa da magabatanta da aka kasa zubarwa. Ana karɓar gaisuwa a gaban na'ura, domin mai makokin ba ta da ranar tashi daga wurin. A zo da farar riga, kada a zo da abinci.

Farfesa, saboda karamcinsa, ya yi alkawarin zai ɗaura sabuwar da hannunsa, ya kuma yi mata wankan farko. Don haka ake roƙon masu zuwa gaisuwa, musamman masu jiki, su zo da wuri, su yi sahu tsakaninsa da na'ura.